Ya Hura Wa Mama Shayi

"Abu ɗaya nake roƙonka," in ji Auta, wayar na manne da kunnenta, ɗayan hannun yana laluben ɗankunne a cikin durowa. "Yau kaɗai. Kar ka ɗauko maganar yara a gaban Mama."

Da saurayinta Mai Hoto take magana. Tana jin ƙarar ruwa a baho, da muryar ɗansa Sarkin Kuka yana aikin da ya jawo masa sunan.

"Likita," ya ce, don haka yake tsokanarta tun ranar da ya fara shiga kemis ɗin da take aiki neman maganin zazzaɓin yara, "to sai yaushe?"

"Bari su fara ganinka tukuna. Su san ka, ka kwanta musu a rai. Sauran ni zan faɗa da bakina."

"To," ya ce. Amsar ba ta da ƙarfi, amma Auta ta karɓe ta a haka, domin ita take nema.

Mama ta san Mai Hoto ya taɓa aure, ta san matar ta rasu. Abin da ba ta sani ba shi ne marigayiyar ta bar masa Gimbiya, 'yar shekara huɗu mai bakin tsiya, da ƙaninta Sarkin Kuka wanda bai gama iya tafiya ba. Auta ce ta ɓoye. Ta taɓa jin Mama tana cewa 'yar Kawu ta tsufa kafin lokacinta saboda ta auri mai 'ya'ya, ita kuwa ta ɗauki maganar nan ta ajiye a ƙirji, kullum sai ta ƙara nauyi.

Sauran 'yan mata ana kai su gidan kallo, ana zaga gari da su a mota. Ita Auta benci ne rabonta, a wurin wasan yara, duk Asabar da yamma. Nan suke hirarsu, ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan lilo. Sau da yawa yana tsakiyar gaya mata kalamai masu daɗi sai hamma ta ƙwace masa, ya ba ta haƙuri. In ta kira wayarsa ma, Gimbiya ce kan ɗauka, don wayar ta daɗe da zama akwatin katun. Akwai ranar da ya fita da niyyar sayo mata turare, ya dawo da takalmin makarantar Gimbiya, ya kuma faɗa mata gaskiya yana sosa ƙeya. Ta yi dariya har da hawaye, ta ji ta ƙara sonsa.

A kan bencin take sonsa haka. In ta koma cikin ƙawaye ana baje kyaututtukan samari, sai ta kama danne-dannen waya.

Yau Asabar kuma Yaya, babban wanta wanda ya zama bakin gida tun rasuwar Baba, ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ya ce zai fitar da Mama cin abinci. Ya gayyato abokinsa Manaja, wanda ya daɗe yana aiko wa Auta kaya tana mayarwa. Da ƙyar da kuka ta samu aka ce Mai Hoto ma ya zo.

"Ya zo," in ji Yaya. "Gara Mama ta gan su a jere, ta ga bambanci da idonta."

*

A makare Mai Hoto ya iso wurin cin abincin. Rigar da ya sa mai tsada ce, amma ta wancan zamanin, ta sha guga har tana ƙyalli. Tun daga bakin ƙofa Auta ta hango ɗan farin tabon madara a kafaɗarsa. Ya durƙusa ya gai da Mama, ya miƙa wa Yaya hannu biyu, ya zauna a kujerar da ke kusa da Mama domin ita kaɗai ta rage.

Manaja ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ajiye makullin motarsa a kan tebur inda kowa zai gani.

"Dakata, Malam. Ba kai ne ake kira Ɗan Gayu ba a da?"

"An taɓa kira na haka," in ji Mai Hoto yana murmushi.

"Kai, duniya. Mama, wannan da kike gani, a da ba ya maimaita takalmi a mako. In ya shigo wuri turarensa ke fara sallama. Ina babur ɗin nan naka mai ƙara?"

"Na sayar. Ba shi da wurin…" Ya haɗiye sauran. "Ba ya yi min amfani yanzu."

"Jiya ka ga wasan ƙwallo kuwa?"

"Ban gani ba. Talabijin ɗin gidana ba ni ke mulkinta ba."

"Wa ke mulkinta?" in ji Yaya.

Auta ta ɗan taka wa Mai Hoto ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Barci," ya ce. "Barci ke kwashe ni."

Manaja ya karɓe hirar, ya shiga ba da labarin ƙasashen da ya je hutu da otal ɗin da ya kwana, yana yi yana satar kallon Auta. Mai Hoto yana saurare cikin ladabi. Sai dai hannunsa bai zauna ba. Ya jawo wuƙar da ke bakin tebur ya tura ta tsakiya. Ya matsar da tambulan ɗin Yaya daga gefe. Bai san yana yi ba, Auta kuwa tana gani, tana addu'ar kada wani ya lura. Ita Mama tana cin abincinta a hankali.

Bayan an kwashe faranti aka kawo wa Mama shayin da ta nema, yana ta tururi. Daidai lokacin Yaya ya jefo wa Mai Hoto tambaya a kan sana'arsa, ko tana riƙe gida. Ya juya yana amsawa da gaske, yana bayanin yadda aikin biki ya ragu tunda kowa na ɗauka da waya, da yadda ya koma ɗaukar hotunan makarantu. Bakinsa na wannan, hannunsa ya jawo kofin Mama. Ya juya shi da cokali. Ya ɗaga ya hura, ya sake hurawa. Ya ɗiga kaɗan a bayan hannunsa. Sannan ya tura kofin gaban Mama, ya ce cikin muryar lallashi:

"Ya huce. Sha a hankali, kar ki zubar a riga."

Kowa a teburin ya zuba masa ido.

Sai a lokacin ya ga abin da ya yi. Ya dubi kofin, ya dubi hannunsa, ya dubi dattijuwar da ya zo neman 'yarta, gumi ya keto masa.

Manaja ne ya fara fashewa, har da buga tebur. Yaya ya bi shi, yana riƙe ciki.

"Saura ka goya ta, Malam," in ji Manaja yana share hawaye.

Auta ma ta yi dariya. Gajeriya ce, ba ta kai zuci ba, dariyar mai neman a san ba ta tare da wanda ake yi wa. Amma ta fito, kuma ya ji ta. Ya juyo ya kalle ta sau ɗaya.

Mama kaɗai ce ba ta dara ba. Ta ɗora hannu a kan kofin, ta ce, "Ɗan nan, 'ya'ya gare ka?"

"Na yayarsa ne, Mama," in ji Auta, tun kafin ya buɗe baki. "Yana taya ta raino wani lokaci, shi ne abin ya zame masa jiki."

Mama ba ta ko dube ta ba. Idonta na kansa.

"Haka ne?"

Ya sunkuyar da kai. Auta ta ƙura masa ido. Can ya gyaɗa kai a hankali, bai ɗago ba.

"To," in ji Mama. Ta ɗauki shayin ta shanye shi tas.

Da za su tashi, mai kawo abinci ya tambayi Mai Hoto ko a ƙunshe masa kazar da bai taɓa ba. Auta ta san bai taɓa komawa gida hannu rabbana ba, don Gimbiya a bakin ƙofa take tsare shi tana laluben aljihu.

"A'a," ya ce. "Bar ta."

A mota Yaya da Manaja suka yi ta maimaita "kar ki zubar a riga" suna ƙyaƙyatawa. Auta ta jingina kai da gilashi, tana jin da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ba hura shayin ke ba ta kunya ba yanzu, bakinta ne.

*

Washegari ta kira shi har ta gaji, ba a ɗauka ba. Da yamma ta yi ta san inda za ta same shi, domin yaran sun rasa Asabar ɗinsu, kuma shi ba ya cin alkawarin lilo.

Yana kan bencin, da tsohuwar rigarsa ta gida, jakar kayan yara a gefensa, Sarkin Kuka na barci a ƙirjinsa. Gimbiya ce ta fara hango ta, ta rugo ta ƙanƙame ƙafafunta.

"Anti, jiya ba mu zo ba. Abba ya sa turare ya tafi ya bar mu gidan maƙwabta. Kuma bai kawo mana komai ba."

Auta ta durƙusa ta rungume ta don kar yarinyar ta ga fuskarta.

"Gimbiya, je ki yi wasa a yashi," in ji shi. "Zauna, Auta."

Bai ce Likita ba. Ta zauna a ƙarshen benci, hawaye ya riga maganarta fitowa.

"Ka yafe min. Don girman Allah ka yafe min. Ban san yadda aka yi maganar ta fito ba."

"Ba ke kika hana ni sukuni ba," ya ce, idonsa na kan yashi. "Ke baki kika buɗe. Ni aka tambaya, ni na gyaɗa kai."

"Ni na sa ka."

"Ba wanda ya riƙe min wuya."

Ya gyara wa yaron kwanciya, ya share masa miyau da gefen rigarsa.

"Da na koma gida Gimbiya ta rugo tana Abba, Abba, ta zura hannu a aljihuna. Na kasa kallonta. Ki ji fa, yarinyar da nake ɗaure wa igiyar takalmi, ita nake jin kunya. Uwarsu mutuwa ce ta raba ta da su, har ta cika tana tambaya ko an ba ƙaramin madara. Ni kuwa da raina da lafiyata, a kan kujera mai laushi, na ɗauki 'ya'yana na ba yayata. Ni da ko yaya mace ba ni da ita."

Kuka ya ci ƙarfin Auta, ta toshe baki da mayafi.

"Tsoro na ji," ta ce da ta samu numfashi. "Na ga yadda suke dariya, na ga Mama ta kafe ka da ido, na ce shi ke nan za a raba mu. Kuma ba zan ɓoye maka ba, da Manaja ke ba da labarin Ɗan Gayu, sai na ji ina ma shi ya shigo, ko na yini ɗaya, su gani su yi shiru. Na ji kunyar tabon rigarka. Ni da nake ganin yadda tabon ke samuwa. Wallahi ban taɓa raina kaina kamar yau ba."

"Ɗan Gayu ya tafi, Auta. Takalmansa ma na rabar, a wurinsu gwangwanayen madara ne a jere. A da in na shiga kanti da agogo nake fitowa. Yanzu in shiga da niyyar riga, in fito da kunzugu da sabulun wanka. Abokan yawo sun gaji da kira sun bari. Hutuna duk mako shi ne wannan bencin, da rabin askirim ɗin da Gimbiya ta rage. Kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Ban taɓa ganin abin ɓoyewa ba ne, sai jiya."

"Zan gyara. Yau ɗin nan zan faɗa wa Mama."

"Ki faɗa mata, don gaskiya ce, ba don ni ba."

"Me kake nufi?"

Ya kau da kai. Daga yashi Gimbiya ta nuna musu wani tuli da ta gina, ya ɗaga mata babban yatsa yana murmushin dole.

"Ina sonki," ya ce. "Wannan ba abin musu ba ne, son ne ma ya gyaɗa min kai jiya. Shi ya sa yake ba ni tsoro. Ba zan ƙara shiga gidan da sai na cire su a bakin ƙofa kamar takalmi ba. Yarinyar nan ta fara tambaya yaushe za ki dawo gidanmu da zama. Gara ta yi kukan yanzu, tun tana iya mantawa."

"Kar ka yi min haka."

"Ba ke nake yi wa ba."

Ya miƙe, ya saɓa yaron a kafaɗa, ya rataya jaka, ya kira Gimbiya. Ta zo tana kaɗe yashi, ta kama ɗan yatsansa. Sai da suka kai bakin ƙofa ta waiwayo tana ɗaga hannu.

"Anti, sai Asabar."

Auta ta ɗaga nata hannun.

*

Ta tarar da Mama a ɗaki tana ninke wanki a bakin gado. Ba ta ko cire mayafi ba ta zube a gabanta.

"Mama, ƙarya na yi miki jiya. Yaran nasa ne. Su biyu, mace da namiji. Ba shi da wata yaya."

"Na sani," in ji Mama, ta ci gaba da ninke zani.

Auta ta ɗago jajayen idanu.

"Ni na raine ku, Auta. Mai taya raino sai an ce ya hura yake hurawa. Wanda hannunsa ke kawar da wuƙa bakinsa na wata magana, wanda ke ɗiga shayi a bayan hannu bai san ya yi ba, wannan shi ke tashi in sun yi kuka. Tun kafin shayin ya zo na gane." Ta ajiye zanin. "Rabon da wani ya damu ko abu zai ƙona min baki tun rasuwar Babanku. Su suna dariya, ni abin da nake tunawa ke nan."

"Amma ke kika ce 'yar Kawu…"

"'Yar Kawunki ba 'ya'ya ne suka tsofar da ita ba. Miji ne, da ya zube mata su ya koma wurin abokai. Da kin tambaye ni da na gaya miki. Amma kika zaɓi ki zauna kusa da ni ki raba uba da 'ya'yansa, don kar a yi miki dariya. Ban taɓa jin kunyarki ba sai jiya."

Auta ta kifa kai a gwiwar Mama. Da ma duka ta yi mata da ya fi sauƙi.

"Shi ma ɗan nan bai fita daga laifi ba," in ji Mama. "Na tambaye shi ne don in ji yadda zai faɗa. Da ya ce nawa ne, da a wurin zan sa Yayanki ya sallami abokinsa. Sai ya gyaɗa min kai. Yanzu Yayanki ya ce wa Manaja ya turo manyansa ƙarshen makon nan. Na taka masa birki da safe, ya ce in ba shi dalili, ban da shi. In ɗan nan zai shigo gidan nan da su a hannunsa ya ce min nasa ne, ina da abin faɗa. In ba zai zo ba, bakina ya mutu."

"Ya ce ba zai ƙara zuwa ba, Mama. Ya ce mun rabu."

"Kira shi."

Ta danna lambarsa, ta buɗe muryar wayar yadda Mama za ta ji. Wayar ta yi ta ƙara har Auta ta fid da rai. Sai aka ɗauka.

"Anti," in ji wata 'yar siririyar murya, ƙasa-ƙasa irin ta mai satar magana. "Abba yana yi wa Sarkin Kuka wanka. Ya ce in na ga hotonki kar in ɗauka. Amma na ɗauka."

"Gimbiya…"

"Ya ce ba za ki ƙara zuwa lilo ba. Don mun yi rashin ji ne? Ni zan daina. Zan gaya wa Sarkin Kuka ma ya daina kuka."

Auta ta ɗago ta dubi Mama. Mama ta goge hannunta a zani, ta miƙo shi.

"Ba ni wayar nan."

Ta kai ta kusa da baki, ta sassauta murya.

"Sannu, 'yan mata. Ke 'yar wane ne?"

"Ni?" in ji Gimbiya, kamar ta ji tambayar da ta fi kowace wauta. "Ni 'yar Abba ce mana."

"Yawwa," in ji Mama, idonta na kan Auta. "Ga wadda ta faɗa ba a matsa mata ba. Maza kai wa Abbanki wayar. Ki ce masa mai shayin jiya ce."

Suka ji ƙarar 'yan ƙafafu a guje, suka ji an tura ƙofa. Sai ƙarar ruwan ta tsaya.